Daga tukunyar Benz zuwa lagireto: tarihin ruwan da ke sanyaya injin mota

A watan Agustan 1888, Bertha Benz ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu a motar da mijinta, Karl Benz, ya ƙera, suka tashi daga Mannheim zuwa Pforzheim a ƙasar Jamus, tafiyar kusan kilomita 106. Ɗaya daga cikin wahalhalun hanyar shi ne ruwa. Motar ba ta da lagireto irin na yau. Ruwan da ke kewaye da injin tafasa yake yi, ya bi iska, dole su riƙa tsayawa suna ƙarawa.

Matsalar tana da tushe. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da ƙonewar fetur ke haifarwa sai ruwa ya kwashe shi, in ba haka ba ƙarfen injin ya lanƙwashe. Wilhelm Maybach ne ya kawo maganin da ya ɗore: lagireto mai siffar saƙar zuma, wanda aka sanya wa Mercedes ta farko a 1901. Dubban ƙananan bututu suna ba iska hanyar ratsawa, ruwan ya huce ya koma cikin inji maimakon ya ƙone. Motar Ford Model T, wadda ta fito a 1908, yawancinta ko famfon ruwa ba ta da shi: ruwan zafi ya tashi sama, mai sanyi ya gangara ƙasa.

Tsakanin inji da lagireto kuwa ana buƙatar abu mai lanƙwasa, domin inji yana girgiza, lagireto yana kafe. Nan tiyon roba ya shigo, albarkacin dabarar gasa roba da farar wuta da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Daga shekarun 1960 aka samu robar EPDM, wadda ta fi jure zafi. Duk da haka tiyo yana tsufa, sau da yawa daga ciki, ya kumbura ko ya yi laushi kafin ya fashe.

Sanyin hunturu ne ya fara tilasta wa direbobin Turai da Amurka gauraya ruwan da wani abu. Da farko barasa da gilisarin suke zubawa, amma barasa saurin bin iska gare ta. A 1927 aka fara sayar da Prestone, wanda aka yi da sinadarin etilin gilaikol. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Murfin lagireto mai riƙe matsin iska shi kuma ya ɗaga matakin tafasa zuwa sama da digiri 120. A 1961 Renault 4 ta zo da rufaffen tsari mai tankin ajiyar ruwan da ya yi ambaliya.

Wannan asali ya haifar da kuskuren da ake yi a ƙasashe masu zafi, har da garejojin arewacin Nijeriya: ɗaukar cewa ruwan sanyaya inji na ƙasashen ƙanƙara ne kawai. Alhali yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, waɗanda ruwan rijiya ko na famfo ba shi da su. Ruwa zalla yana cin ƙarfe da alminiyam, ya bar gishiri yana toshe bututun lagireto.

Mai canza tiyo a gida yana cin gadon wannan tarihi. Sai inji ya huce sarai kafin a taɓa murfi, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tartsatsi ya ƙona fuska. Bayan an ɗaure sabon tiyo an cika ruwa, a kunna injin har iskar da ta maƙale ta fita, sannan a sake duba matakin ruwan idan ya huce. Tsohon ruwan a kawar da shi nesa da yara da dabbobi, domin zaƙi gare shi, kuma guba ne mai lalata ƙoda.