Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: 'Yan Daudu, Doka da Maganar Aure

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin cin karo da wannan batu a mujallar ƙungiyarmu, domin magana ce da aka saba yin ta da murya ƙasa-ƙasa. To amma ɗalibin tarihi ba shi ke zaɓen abin da ya faru ba, nasa dai ya bi sawu. Hukuncin addini a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, kuma fagen malamai ne, ba shi na nufa ba. Tambayata ita ce: yanzu da gardamar duniya ta tattaru a kan auren jinsi, wasu ƙasashe sun halatta, mu a Nijeriya mun haramta, shin auren ne ainihin abin da ya dami mutanen da ake maganarsu? Tarihinmu da na wasu ya nuna ba a nan gizo ke saƙa ba.

Asali da Sana'a

Ɗan daudu shi ne namijin da ya ɗauki maganar mata da karairayarsu da sana'o'insu. Masu nazari suna danganta sunan da Ɗan Galadima na cikin iskokin bori, kasancewar Daudu kirarin Galadima ne. Ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba, kuma ba duk mai neman maza ne ɗan daudu ba. Da yawansu ma sun yi aure sun hayayyafa, kamar yadda Rudolf Gaudio ya nuna a littafin da ya wallafa a 2009 bayan doguwar zama da su a Kano.

Abin da ya ba su gindin zama shi ne bariki. Bayan Turawa sun ci Haɗeja ranar 25 ga Afrilu, 1906, suka kashe Sarki Muhammadu, al'amura sun sauya. Jirgin ƙasa ya ratsa ta Malam Madori ya isa Nguru a 1930, daga baya manyan motoci suka shigo, fataucin gyaɗa da kifi ya bunƙasa. Baƙo da ya sauka a tasha yana bukatar tuwo da masauki, matan aure kuwa suna cikin kulle. Wannan giɓi shi 'yan daudu suka cike tare da mata masu zaman kansu: su tuƙa tuwo, su soya kaji, su yi kawalci, su yi rawa a gidan biki. Ana yi musu dariya, ana zaginsu, amma ana cin abincinsu, kuma ba a cika korar su daga gari ba.

Yadda Doka Ta Shigo

Kundin finalkod na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin shekara 14 a sashe na 284 ga wanda ya yi saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a. Sashe na 405 kuma ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Duk da haka 'yan daudu sun ci gaba da sana'arsu a fili shekara da shekaru. A shekarar 2000 ne abin ya juya, lokacin da Zamfara ta fara aiki da dokokin laifi na shari'ar Musulunci, Jigawa da Kano da sauran jihohi suka bi baya. Aka rufe gidajen mata da mashaya, 'yan daudu da dama suka rasa wurin dafa abinci, wasu suka yi ƙaura, wasu suka ɓoye.

Sai kuma Janairun 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi: shekara 14 ga waɗanda suka yi auren, shekara 10 ga wanda ya yi shaida ko ya shiga ƙungiyarsu. Abin lura a nan shi ne, 'yan daudun ƙasar Hausa ba su taɓa fitowa neman a ɗaura musu aure da juna ba. Amma kalmar aure ta zama igiyar kamu. Tun a Agustan 2007 an kama mutum 18 a Bauchi bisa zargin bikin aure, a kotu kuma maganar ta koma ta shigar mata. A Afrilun 2017 an gurfanar da 53 a Zariya, a Disamban 2022 Hisbar Kano ta kama 19. Haka taron suna ko na walima yake iya zama tarko, kuma ɓata-gari sun sami hanyar tatsar kuɗi da barazanar tonon asiri.

Akwai kuma maganar asibiti. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa cikin maza masu neman maza, masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin ɗari bayan dokar. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau da ya guji magani, in yana da mata, ai ba shi kaɗai zai kwanta ba.

Can Inda Aka Halatta

Kada a ɗauka inda aka buɗe ƙofar aure komai ya daidaita. Holan ce ta fara a 2001, Afirka ta Kudu ta bi a 2006, ta zama ta farko a nahiyarmu. Amma a Afrilun 2008 aka yi wa Eudy Simelane, tsohuwar 'yar ƙwallon ƙasar, fyaɗe aka kashe ta a unguwar KwaThema, alhali kowa ya san 'yar maɗigo ce mai fafutika. Takardar aure ba ta tare wuƙa ba. A Amurka kotun ƙoli ta halatta auren a 2015, amma sai a 2020 ta yanke cewa ba a korar mutum daga aiki saboda haka. Shekara biyar ke nan mutum na iya yin aure yau a sallame shi gobe a jihohi da yawa. An sayar da biri an sayi kare.

Mata-Maza

Akwai wasu da hayaniyar ta danne gaba ɗaya, wato mata-maza, waɗanda aka haifa da halitta biyu ba da zaɓinsu ba. Magabata ba su manta da su ba. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, da maganar hunsa ya rufe babin gado: wanda lamarinsa ya rikice yana da rabin kason namiji da rabin kason mace. Kenya ta ƙidaya irinsu a 2019 ta sami 1,524. Mu kuwa sau da yawa ɓoye yaron ake yi, a hana shi makaranta don gudun gori, har ya girma ba likitan da ya duba shi.

Kammalawa

A taƙaice, a inda aka halatta da inda aka haramta, abin da ya rage iri ɗaya ne: abinci, wurin kwana, magani, da tsira daga hukuncin 'yan sanda-a-hannu. Mutum na iya riƙe aƙidarsa gam, ya kuma yarda cewa tuhuma aikin alƙali ce da shaidu, ba na taron titi ba, kuma maras lafiya haƙƙinsa ne a ba shi magani. Mu ɗalibai, cikinmu ne alƙalai da likitoci da malaman gobe za su fito, kuma a gabanmu waɗannan mutane za su tsaya. Ya kamata mu san tarihinsu kafin ranar ta zo.