'Yar tsana mai wuƙa: daga Kalifoniya zuwa shagunan Bata a Kano

A 1981 ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka ta daina aiko da finafinanta Najeriya, bayan gwamnati ta karɓe kadarorinta da sunan mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa. A ganinsu horo suka yi mana. Amma fim ɗin Amurka bai fasa shigowa Kano ba, hanya kawai ya sake. Ya fita daga gwangwanin silima ya shiga kaset, kuma daga nan babu wanda ya ƙara tambayar izinin mai shi. Da tsarin SAP na Babangida ya zo a 1986 naira ta faɗi, sai shigo da fim na majigi ya gagari masu silima. Plaza da Wapa a Fagge, El Dorado da Queen's a Sabon Gari, duk suka shiga halin rashin tabbas, yayin da akwatin bidiyo ke shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya.

A daidai lokacin, can Kalifoniya, wani mutum mai suna Charles Band yana cikin nasa tsaka mai wuyar. Kamfaninsa na Empire Pictures, wanda ya fitar da Dolls a 1987, bashi ya durƙusar da shi a 1988. Band ya kafa sabon kamfani, Full Moon, ya kuma yanke shawarar da ta sa nake ganinsa kamar ɗan kasuwar Ƙofar Wambai da aka haifa a wata ƙasa: ba zai ƙara wahalar da kansa da neman gurbi a silima ba. Fim ɗinsa na farko a sabon kamfanin, Puppet Master, wanda David Schmoeller ya ba da umarni, kai tsaye ya fita a kaset a watan Oktoba na 1989, kamfanin Paramount yana rarraba shi ga shagunan haya. A lokacin mai shagon haya a Amurka kan sayi sabon kaset ɗaya a kan dala 80 ko fiye, don haka fim mai ƙaramin jari yana iya mayar da kuɗinsa ba tare da an haska shi a bango ko sau ɗaya ba.

Labarin ba shi da wuyar riƙewa. André Toulon, tsoho mai sassaƙa 'yan tsana, ya samo sirrin hura musu rai daga tsohuwar Masar. 'Yan Nazi suka biyo shi har wani otal a bakin teku a 1939, ya ɓoye 'yan tsanar a bango ya harbe kansa. Bayan shekara 50 wasu masu duba suka sauka a otal ɗin, 'yan tsanar suka bi su ɗai-ɗai. Akwai Blade mai farar fuska, hannu ɗaya wuƙa ɗaya ƙugiya. Akwai Pinhead mai ɗan mitsitsin kai da hannuwan ƙato, da Tunneler mai abin huda a ka, da wata macen da ke amayo matsattsaku. David Allen ne ya motsa su, hoto bayan hoto, aikin haƙuri da kwamfuta ta kashe daga baya.

Shekara ɗaya kafin Puppet Master, a 1988, Child's Play ya fito a silimun Amurka da jarin kusan dala miliyan 9, wanda ya ninka na Band sau da yawa. Shi ne ya haifi Chucky, ɗan tsanan da ruhin wani makashi, Charles Lee Ray, ya shige shi ta hanyar tsafin budu. A Amurka finafinan nan biyu ba ajinsu ɗaya ba: ɗaya na silima ne, ɗaya na kantar haya. A Kano kuwa wannan bambancin bai tsallako teku ba.

Dalilin yana cikin yadda kayan ke zuwa. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma rubuta Signal and Noise, ya bayyana yadda uwar kaset ke zuwa daga Dubai, a kai ta wurin diloli a Ƙofar Wambai, su jera akwatunan bidiyo su yi ta gurza. Daga kwafi ake yin kwafi, daga wannan kuma a yi wani. Kafin kaset ya isa shagon haya a Fagge ko teburin mai talla a Sabon Gari, launi ya dusashe, murya tana shaƙewa, rubutun Larabci ya rufe ƙasan hoto, wani lokaci har da gargaɗin hana satar fasaha yana wucewa a kan fim ɗin da aka sata. Kuɗin kaset kuwa kuɗin roba da zare ne da ladan mai gurza. Fim ɗin da aka kashe wa miliyoyi da wanda aka haɗa a ɗaki biyu, farashinsu ɗaya, dishi-dishinsu ɗaya.

Ni a ganina fim mai araha ne ya ci ribar wannan lalacewa. Babban fim yana asarar abin da aka biya kuɗi dominsa, wato kyan hoto da ƙarar sauti. Fim ɗin 'yar tsana kuwa aibinsa ne ke ɓuya. Zaren da ake jan ta da shi, da hannun mutumin da ke riƙe da ita daga ƙasan gado, duk hazon kaset ya shanye su. Abin da ya rage shi ne wani ɗan ƙaramin abu yana gudu a duhu da wuƙa. Ba ya kuma buƙatar Turanci. Yaron da bai wuce aji uku ba ya san waye bos, ya san wadda ta shiga banɗaki ita kaɗai ba za ta fito ba. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, sauran fim ɗin a zuciyar yara yake ƙarasawa.

Tsoron ma bai zo mana a baƙo ba. Mutanen da suka tashi da labarin aljani ya shiga tsamiya ko tsohuwar rijiya ba sa buƙatar dogon bayani kafin su yarda wani abu ya shiga 'yar tsana. Muna da 'yan dabo da ke sa ɗan gunki rawa a kasuwa, ana dariya ana kuma ja da baya. Muna da hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da surori, duk da malamai sun sassauta a kan 'yan tsanan 'yan mata saboda na Nana A'isha. Abin dariya shi ne Damballa da Chucky ke kira a tsafinsa asalinsa daga nan kusa ne, ƙasar Dahomey, ya bi bayi zuwa Haiti, Hollywood ta ɗauke shi, ya dawo mana a kaset ta Dubai. Sabon Gari kuwa tana da nata ban tsoron tun daga 1992, lokacin da Living in Bondage ya buɗe ƙofar finafinan tsafi na Kudu, Nneka the Pretty Serpent ya biyo baya. A teburi ɗaya ake jera su da na Amurka. Duk da yawan 'yan tsanan Band, sunan Chucky ne ya zauna a bakin mutane, har ya zama kowace 'yar tsana mai kisa da shi ake kiranta.

Akwai wani kamanni da ba a cika lura da shi ba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin da ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo, watanni kaɗan bayan Puppet Master. Babu wanda ya kwaikwayi wani, amma lissafin ɗaya ne. A tsallake silima, a yi fim da ɗan abin da ke hannu, a ƙawata kwali, in ya karɓu a yi na biyu da na uku. An san Band da zana hoton kwali ya sayar da fim tun kafin a rubuta labarinsa. Duk wanda ya san yadda dilolin Kano ke duba fuskokin da ke kan fosta kafin su zuba kuɗi ba zai yi mamaki ba. Da yarjejeniyarsa da Paramount ta ƙare a tsakiyar shekarun 1990, jari ya ragu. Puppet Master: The Legacy na 2003 kusan dukkansa yanke-yanke ne daga finafinan baya aka ɗinke. Wannan cin amanar mai kallo ne, ko a Kalifoniya aka yi shi ko a Bata.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 faifan sidi ya fara ture kaset, hanya ta sake juyawa: finafinan Amurka suka koma zuwa daga Maleshiya ta Legas. Faifai ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80, don haka fim kan zo a faifai biyu, na biyun kuma shi ya fi yawan sarƙewa. Sai dibidi na kasuwar Alaba, mai fim goma ko ashirin a matse a faifai guda, ana haɗa su iri-iri: na yaƙi wuri ɗaya, na ban tsoro wuri ɗaya. Amurka ma daga baya ta bi wannan sahu, inda kamfanin Echo Bridge ya tattara jerin Puppet Master a fakiti ɗaya ana zuba shi a kwandon rahusa na manyan kantuna kan 'yan daloli.

Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ta fi sa ido a kan rawa da waƙa da tsiraici, musamman bayan 2007 a zamanin shugabanta Abubakar Rabo. Ba ita ta kashe kasuwar faifai ba. Wayar hannu ce. 'Yan dawunlodin suka kafa tebur da kwamfuta, suna tura fim a memori kan kuɗin da bai kai na kwalbar lemo ba, kamfanin Algaita da takwarorinsa suka sa wa finafinan ƙetare muryar Hausa, gobarar Maris 2016 ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari. Wapa yanzu sunan kasuwar canji ne. Chucky da kansa ya bar silima a 2013, Curse of Chucky ya fita kai tsaye a faifai, shekara 24 bayan Band ya bi wannan hanya.