Yadda "casualty" ta tashi daga kan tsautsayi ta koma kan mutum

Ranar 1 ga Yulin 1916, da aka fara gwabzawar Somme a Faransa, rundunar Birtaniya ta rubuta "casualties" 57,470 a yini guda. Wanda bai san kalmar ba sai ya ɗauka gawawwaki ne duka, alhali waɗanda suka mutu 19,240 ne. Sauran masu rauni ne, da waɗanda suka ɓace, da waɗanda abokan gaba suka kama. Har yau masu fassara labarai kan yi tuntuɓe a nan, su kashe mutanen da ke kwance a asibiti.

Tushen kalmar Latin ne. "Cadere" na nufin faɗuwa, daga nan aka sami "casus", wato abin da ya faɗo wa mutum ba zato ba tsammani. Lokacin da ta shigo Turanci a ƙarni na 15, ba mutum take nufi ba, aukuwa take nufi: sa'a, ko tsautsayi. Ba ma lalle abin ya zama sharri ba. A tsohuwar dokar ƙasa ta Sikotland, kuɗin da ubangidan ƙasa kan samu jefi-jefi, misali idan magaji ya karɓi gonar da aka bari, da wannan suna ake kiran sa.

Soja ne suka karkatar da ita. Kwamanda ba ya tambayar wa ya mutu kaɗai, tambayarsa ita ce mutum nawa ne ba za su fito fagen daga gobe ba. Harsashi, zazzaɓi, kamu, duk ragi ne a littafinsa. Da farko asarar da runduna ta yi ake kira haka. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, sunan ya sauka kan shi sojan da abin ya rutsa da shi. A ganina daga nan kalmar ta bushe, ta zama ta lissafi, babu jaje a cikinta.

Asibiti kuma ta wata ƙofa ya same ta. A Ingila, ɗakin da ke karɓar marasa lafiyan da suka faɗo ba tare da an sa musu rana ba shi ake ce wa "casualty". A 1962 rahoton Sir Harry Platt ya ba da shawarar a canza sunan zuwa sashen haɗari da gaggawa, domin masu ƙananan ciwo sun cika wurin. An canza allo, amma baki bai bi ba: BBC ta fara wasan kwaikwayo mai suna "Casualty" a 1986, kuma a asibitocin Najeriya har yanzu ana jin sa.

Bayan yaƙin basasar Najeriya, marubucin waƙoƙi J. P. Clark ya fitar da kundin waƙoƙinsa "Casualties" a 1970, inda ya faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da waɗanda yaƙin ya taɓa ba tare da sun je fagen daga ba.