Digiri a Bakin Aiki: Nazarin Halin da Ɗan Koyon Gudanar da Manyan Ayyuka ke Ciki a Ingila

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tsarin da ke ba mutum damar yin digiri na farko a Ingila alhali yana ma'aikaci mai ɗaukar albashi, ta kuma taƙaita kan fannin gudanar da manyan ayyuka. An dogara da ƙa'idojin hukuma, da manhajar sana'ar, da ra'in Lave da Wenger kan koyo a tsakanin masu sana'a. Matsayar maƙalar ita ce, ƙwarewar da ɗan koyo ke fita da ita ta fi rataya a kan matakin da aiki ya kai lokacin da aka ɗauke shi, da kuma halin shugabansa, fiye da abin da jami'a ta karantar.

1.0 Gabatarwa

A 2015 gwamnatin David Cameron ta ƙaddamar da digirin koyon aiki, bayan rahoton Doug Richard na 2012 ya ba da shawarar a bar masu ɗaukar ma'aikata su fayyace abin da ɗan koyo zai ƙware a kai. Hanyar samun kuɗin ta biyo baya a Afrilun 2017: duk kamfani ko ma'aikatar da albashin da take biya a shekara ya haura fam miliyan 3, za ta zuba kashi 0.5 cikin 100 na wannan albashi a asusun koyon sana'a, daga nan ne ake biyan jami'a. Mai karatu a Nijeriya zai tuna da asusun ITF da aka kafa a 1971, wanda shi ma kamfanoni ke zuba wa kaso daga albashi, sai dai a shirinsa na SIWES 'yan watanni ɗalibi ke yi a masana'anta ya koma aji. A Ingila abin akasin haka ne: wurin aiki shi ne gida, jami'a ce ake kai wa ziyara.

Ribar a fili take. Ɗalibin da ya bi hanyar da aka saba yana biyan har fam 9,250 a shekara tun daga 2017, kuɗin da ya koma 9,535 a 2025, kuma galibi da bashin gwamnati. Ɗan koyo ba ya biyan ko sisi, ga albashi, ga hutun shekara irin na kowane ma'aikaci. Digirin gudanar da ayyuka yana mataki na 6 a ma'aunin shaidar karatu na ƙasar, yana kuma ɗaukar kimanin shekara 4. Jami'ar Cumbria na cikin waɗanda suka yi fice a kansa, saboda alaƙarta da kamfanin Sellafield mai kula da tsohuwar tashar nukiliya a arewa maso yammacin Ingila.

2.0 Ra'in Bincike

A littafinsu na 1991, Jean Lave da Etienne Wenger sun nuna cewa sabon shiga yana koyo ne ta hanyar fara aiki daga gefe, da yardar ƙwararru, yana matsowa tsakiya sannu a hankali. Sharaɗin shi ne a bar shi ya matso. Yaron tela da ya shekara uku yana guga da sa maɓalli, ba a taɓa miƙa masa almakashi ba, ya zauna a shago amma bai koyi yanka ba. Da wannan ma'auni aka auna tsarin.

3.0 Lokacin Karatu da Lokacin Aiki

Da farko ƙa'ida ta tanadi cewa kashi 20 cikin 100 na lokacin aikin ɗan koyo na horo ne, ba na aikin yau da kullum ba. Daga Agustan 2022 zuwa Yulin 2025 kuma, mafi ƙarancin ya kasance awa 6 a mako ga mai cikakken aiki. Wasu jami'o'i suna karɓar ɗalibi rana ɗaya a mako, wasu a dunƙule na 'yan kwanaki, wasu ta intanet. Kowace awa sai an rubuta ta a rajista, an faɗi abin da aka koya, domin hukuma na iya neman shaida, kuma tun Afrilun 2021 hukumar Ofsted ke duba ingancin wannan mataki.

A takarda babu matsala. Amma gudanar da aiki sana'a ce ta wa'adi. Ƙarshen wata ya zo, ana jiran rahoton kashe kuɗi da jadawalin ci gaban aiki, ɗan kwangila ya aiko da buƙatar sauya wani sashe, ga kuma jingar jami'a da za a miƙa ranar Juma'a. Ba wanda zai ce wa ɗan koyo kada ya yi karatu. Shi da kansa zai ga idon abokan aiki ya ajiye littafi. Awannin da aka ci sai su koma dare da Asabar da Lahadi, ita kuwa rajista ba ta ƙirga karatun da aka yi a wajen lokacin aiki, sai in an rama wa mutum da hutu. A nan darajar shugaba take bayyana. Wanda ya toshe ranar karatu a kalandar ofis, ya hana a kira yaronsa taro, ya yi wa digirin hidimar da malamin jami'a ba zai iya ba.

4.0 Tsawon Aiki da Tsawon Digiri

Wannan ita ce matsalar da ta keɓanta da fannin, kuma ba a cika tattauna ta ba. Manhajar tana buƙatar ɗan koyo ya nuna ilimi da ƙwarewa da ɗabi'a a dukkan zangunan aiki: kafa hujjar kashe kuɗi tun farko, tsara jadawali, ba da kwangila, lura da haɗura, sasanta masu ruwa da tsaki, har miƙa aiki da rufe shi. To amma manyan ayyukan da ke ɗaukar irin waɗannan matasa sun fi digirin tsawon rai nesa ba kusa ba. Layin dogon Crossrail na Landan an fara gina shi a 2009, aka sa ran buɗe shi a Disambar 2018, bai buɗe ba sai Mayun 2022 da sunan layin Elizabeth. Tashar nukiliya ta Hinkley Point C ta samu amincewa a 2016, shekaru da dama bayan haka ana kan gini. Share Sellafield kuwa aiki ne na fiye da shekara 100.

Ke nan wanda aka ɗauka a tsakiyar irin wannan aiki zai iya cinye shekara 4 bai ga farkonsa ba, bai ga ƙarshensa ba. Yana iya zama gwani wajen sabunta rajistar haɗura, ya san kowane layi da launinsa, ja da ruwan ɗorawa da kore, ya san wanda aka ɗora wa alhakin kowanne, alhali bai taɓa zama inda ake yanke shawarar ko aikin ya cancanci a fara shi ba. Ya karanta wannan a aji, ya ci jarrabawa, amma jarrabawar ƙarshe ta tsarin ba ta tsaya ga abin da aka karanta ba. Ana duba rahoton wani aiki na gaske da ya gudanar, da kundin shaidun abin da ya yi da hannunsa, a kuma yi masa tambayoyi a kai. Giɓin da aka bari a shekara ta biyu, a nan yake fitowa.

Abin mamaki, ƙaramin kamfani kan fi babba a wannan fuska. Aikin sauya manhajar kwamfuta na wata 9, ko gyaran ginin makaranta, ɗan koyo zai gan shi daga tushe har rufewa, sau da yawa ma kafin ya gama. Abin da zai rasa shi ne tsarin sa ido da girman kasafi irin na manyan ayyuka, da tsararraki 'yan koyo da zai yi shawara da su.

Maganin da manyan kamfanoni ke amfani da shi shi ne zagayawa da ɗan koyo sassa daban-daban. A ra'ayin wannan maƙala, bai kamata a bar wannan ga kirkin shugaba ba. Akwai zaman bita da ake yi kusan duk wata 3 tsakanin ɗan koyo da wakilin jami'a da shugabansa. Sau da yawa ƙirgar awanni ke cinye zaman, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wane zangon aiki ne har yanzu bai taɓa ba, kuma yaushe za a kai shi can? Ya dace a rubuta amsar a yarjejeniyar horo tun ranar farko.

5.0 Wane ne ke Samun Gurbin?

Neman gurbi neman aiki ne, ba neman shiga jami'a ba. Akwai gwaji da ganawa, kuma mai shekara 18 yana iya takara da wanda ya daɗe a ofis. Gidauniyar Sutton Trust ta nuna a rahotonta na 2020 cewa 'ya'yan unguwannin talakawa ba su samun kason da ya dace a wannan mataki, kuma manyan ma'aikata sun ƙaru a cikin masu cin gajiyarsa. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin kamfanin da aka tilasta wa biyan haraji zai so ya kashe shi kan ma'aikacin da ya riga ya sani. Gwamnati ta taɓa matakin da ke sama: daga Janairun 2026 ta janye tallafin mataki na 7, wato na digiri na biyu, ga mafi yawan waɗanda suka kai shekara 22. Mataki na 6 bai shiga wannan yanka ba, don haka tsohon ma'aikaci da ɗan sakandaren da ya gama bana suna nan suna neman gurbi ɗaya, daga asusu ɗaya.