Mai Reno da Mai Tsara Kiɗa: Sunayen da Ke Bayan Kalmar "Gargajiya"

Masu tarihin kiɗan Turai sun saba raba fagen gida biyu. Akwai rubutaccen kiɗa, wanda ake koyo a makaranta, ake yi a manyan zaure, kuma kowane aiki da sunan mai shi. Akwai kuma waƙar gargajiya, wadda ake cewa ta kowa ce, ba a san wanda ya ƙirƙiro ta ba. Hujjata ita ce wannan rabo yana rufe wata gaskiya: duk lokacin da waƙar ƙauye ta shiga zauren birni, ta bakin wani takamaiman mutum ta shiga, mai suna da sana'a, a rana sananniya. Kalmar "jama'a" ce ke haɗiye sunansa daga baya.

A shekarar 1904 Béla Bartók yana ɗan shekara 23, ya gama karatun fiyano da tsara kiɗa a Budapest. A zatonsa, kamar yawancin 'yan birni na Hangari, kiɗan ƙasarsu shi ne abin da makaɗan ƙabilar Roma ke kaɗawa a gidajen cin abinci, irin wanda mai tsara kiɗa Liszt ya gina ayyukansa a kai. Ya je hutu wani ƙauye mai suna Gerlicepuszta, sai ya ji wata yarinya mai reno, Lidi Dósa, tana rera waƙa. 'Yar Kibéd ce, a yankin Transilbaniya. Ya sa ta maimaita, ya rubuta.

Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo baya. Bartók bai tsaya ga ɗaukar karin waƙa ɗaya ya yi masa ado ba. Kunnensa ne ya sauya. Ya haɗu da takwaransa Zoltán Kodály, suka fitar da waƙoƙi ashirin tare a 1906, suka riƙa yawo ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya ta Edison mai naɗi a kan kaki. A 1907, can cikin Transilbaniya, ya gano cewa tsofaffin waƙoƙin sun ginu ne bisa matakan sauti biyar, ba bakwai ɗin da makaranta ta koya masa ba. Daga nan tsarin kiɗansa gaba ɗaya ya ɗauki wata hanya. Idan aka ce "waƙar gargajiya ta yi tasiri ga Bartók" an faɗi gaskiya, amma an bar mai renon a waje, alhali ita ce malamarsa ta farko a wannan fanni.

Labarin Ingila ya fi wannan cika, domin a can an riƙe sunan. A 1905 aka yi gasar waƙa a garin Brigg na gundumar Lincolnshire, wani dattijo mai suna Joseph Taylor, wanda aka haifa a 1833, ya zo na ɗaya. Percy Grainger, matashin makaɗin fiyano ɗan Ostireliya, yana wurin. Daga bakin Taylor ya samu waƙar "Brigg Fair", ya tsara ta don mawaƙa masu yawa, sannan mai tsara kiɗa Frederick Delius ya mayar da ita babban kiɗa a 1907. A 1908 kamfanin Gramophone ya ɗauki muryar dattijon a faifai, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Grainger ya yi wani abu da ya sha bamban da na takwarorinsa masu tattara waƙa. Su suna neman "ainihin" karin, suna goge lanƙwasar murya da jinkiri da sauri a matsayin kuskuren tsofaffi. Shi kuwa ya nace cewa wannan lanƙwasa ita ce fasahar, kuma ta mawaƙin ce shi kaɗai. Ya rubuta haka a mujallar ƙungiyar masu tattara waƙoƙin gargajiya a 1908, manyan ƙungiyar kuma ba su gamsu da dogaronsa ga na'ura ba. A ganina shi ke da gaskiya. Wanda ya taɓa jin amshi ɗaya daga bakin mawaƙa biyu ya san cewa abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo yana cikin wuraren da alƙalami ke tsallakewa.

Za a iya cewa duk wannan kwasa ce kawai: mai ilimin birni ya ɗebi kayan talaka ya yi suna. Ƙorafin yana da nauyi, kuma ban raina shi ba. Lidi Dósa ba ta samu wata daraja daga aikin Bartók ba a lokacin da hakan zai amfane ta. Sai dai kiran abin kwasa kurum shi ma yana mayar da mawaƙin rijiyar da ake ɗiba, ba gwanin da aka zauna gabansa ba. Bartók ya shafe shekaru yana sauraron naɗe-naɗensa a hankali, yana rubuta kowace girgizar murya. Mai kwasa ba ya wannan wahala.

Wannan zama gaban gwani ya kai Bartók har Afirka. A 1913 ya je yankin Biskra na Aljeriya ya naɗi kiɗan ƙauyukan wurin, ciki har da ganguna da abin busan da Larabawa ke kira gaita, wanda daga sunansa ne algaitarmu ta samo nata. Amon wannan tafiya yana fitowa a kashi na biyu na kiɗansa na goge huɗu mai lamba 2, da ya kammala a 1917. Masu sauraro a Budapest sun san sunan mai tsarawa, mabusan Biskra kuwa sai mai tonon takardun bincike.

Grainger ya nuna cewa ana iya yin akasin haka. A 1937 ya fitar da "Lincolnshire Posy", kashi shida, don ƙungiyar mabusa. Ya bayyana cewa kowane kashi hoton mawaƙin da ya rera waƙar ne, da halinsa da yadda yake jan numfashi, kuma ya rubuta sunayensu a jikin aikin. Kashi na uku na Joseph Taylor ne. Grainger ya bar ƙidayar kiɗan tana sauyawa daga gaɓa zuwa gaɓa yadda dattijon ke yi, har ƙwararrun mabusan da aka shirya su fara gabatar da aikin a birnin Milwaukee suka kasa bin sa, aka tsallake wannan kashi a ranar farko.