Manjulika: daga hannun likita zuwa hannun fatalwa

A wani gidan kallo da ke Tarai, ta ƙasar Kibiya, na fara ganin Bhool Bhulaiyaa. Janareta na ta ruri a bayan zana, mu kuma muna kan benci. Da Vidya Balan ta ɗaga gado da hannu ɗaya, ta juye harshe tana magana da Bangalanci, sai wani dattijo a gefena ya ce: “Wannan ai mutanen ɓoye ne, a kira mai ruƙiyya.” Har aka tashi bai yarda da bayanin likitan fim ɗin ba.

Labarin ya girmi wannan fim na 2007 da shekara goma sha huɗu. A Disambar 1993 darakta Fazil ya fitar da Manichitrathazhu a jihar Kerala, da harshen Malayalam, Madhu Muttam ne ya rubuta. Amarya ce mai suna Ganga ta buɗe wani ɗaki da aka daɗe da garƙamewa a tsohon gidan dangin mijinta, inda ake cewa kurwar wata 'yar rawa, Nagavalli, take. Daga nan gida ya rikice. Abin da ya bambanta shi da finafinan dodanni na lokacin shi ne babu fatalwa ko ɗaya a ciki. Ciwon yana cikin kan Ganga: kaɗaicin ƙuruciya da tatsuniyoyin kakarta ne suka sa ta ɗauki kanta Nagavalli.

Wurin da ya fi burge ni shi ne maganin. Likitan ƙwaƙwalwar, wanda Mohanlal ya fito a matsayinsa, bai kori malamin tsubbu ba. Haɗa kai suka yi. Aka kwantar da mijin a gaban Ganga, a matsayin azzalumin da Nagavalli ke neman fansa a kansa, aka turnuƙe ta da hayaƙi, aka musanya shi da mutum-mutumi. Ta sare shi, zuciyarta ta huce. Wanda ya taɓa ganin yadda iyali ke kai-kawo tsakanin gidan malam da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau zai gane wannan dabara ba sai an yi masa fassara ba.

Shobana, wadda ta fito a matsayin Ganga, ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa ta ƙasar Indiya da wannan rawa, sai sauran masana'antu suka yi caa. An sake shi da Kannada a 2004, sannan da Tamil a 2005 da sunan Chandramukhi, inda Rajinikanth ya ja ragama, aka yi kwana 890 ana nuna shi a silima ɗaya a Chennai. Na Hindi kuwa, wato Bhool Bhulaiyaa, Priyadarshan ne ya ba da umarni, wanda dama yana cikin daraktocin da suka taya Fazil aikin farko. Shi ya ƙara barkwanci, ya ba Akshay Kumar rigar likita, Nagavalli ta koma Manjulika. Ta wannan ƙofar labarin ya iso mana, mu da muka tashi da finafinan Indiya tun zamanin silimomin Kwarori a Kano.

A 2022 Anees Bazmee ya yi kashi na biyu da Kartik Aaryan da Tabu. Likita ya ɓace. Fatalwar da ake kira Manjulika ta zama ta gaske, jarumin kuma ɗan damfara mai ƙaryar cewa yana ganin matattu. Fim ɗin ya kwashi kuɗi, har aka yi na uku a 2024. Ashe dattijon nan na Tarai ba shi kaɗai ba ne, masu kallo a Mumbai ma aljanin suka fi so.

Ni dai har gobe na 1993 ne ya fi tsorata ni, don ba ƙofar da za a garƙame a huta da abin da ke damun Ganga.