Jinin tumaki da takardar gwajin Gwaggo

Bara da sanyi na ɗauki gwaggota daga nan Birnin Lalle zuwa Maraɗi. Yatsun hannuwanta biyu sun kumbura, da safe ko buta ba ta iya riƙewa sai hantsi ya dubi ludayi. Aka ɗibi jini, takarda ta fito: facteur rhumatoïde, babu. Muna dawowa dangi suka yanke hukunci, wai tunda jini bai nuna ba, ai ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne. Abin da ya sa na bi asalin gwajin ke nan.

A 1937 wani likitan ƙasar Norwe, Erik Waaler, ya haɗa ruwan jinin mai amosanin gaɓɓai da jajayen ƙwayoyin jinin tumaki da aka riga aka sarrafa, sai ya ga sun dunƙule. Ya wallafa a 1940, yaƙin duniya ya binne maganar. Sai a 1948 Harry Rose ya sake gano abin a New York. A 1956 Singer da Plotz suka kawo ƙwayoyin roba a madadin jinin tumaki, aiki ya yi sauƙi. Abin da ake nema wani sinadarin garkuwar jiki ne da ke juyowa ya kama ɗan'uwansa.

Inda labarin ya shafe mu shi ne Ibadan. A ƙarshen shekarun 1960 Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Zariya, ya tarar da sinadarin a jinin mutane da yawa da gaɓɓansu lafiya lau, ya kuma danganta hakan da yawan zazzaɓin cizon sauro. To, wa damina ba ta kayar ba a ƙasar Dakoro? A wurinmu "akwai" ba ta isa hujja ba. "Babu" ma haka, don cikin masu cutar biyar, ɗaya ko fiye gwajin ba ya nuna komai a jininsu.

Ni malamin makaranta ne, na san jarrabawa ɗaya ba ta bayyana yaro. Na mayar da Gwaggo wurin likita. Ya matsa gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi tsawon sandarewar safe, ya ƙara wani gwaji, sannan ya rubuta magani. Watanni huɗu muka ɓata wajen turare da rubutu, kuma yatsu biyu sun riga sun karkace.